Pil ɗin lakilen mota: yadda jika 1 ta hana ni kashe jika 70

Salamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan abun amma na ce bari in jira pil ɗin, wato ɗan batirin da ke cikin makullin mota, ya sha zafin watan 4 da watan 5 tukuna, don mu nan Damagaram duk abun da bai ga wannan ranar ba ba a saurin yabonsa. To yanzu wata 8 kenan da sa shi, bazara ta wuce damina ta wuce, shi ya sa na zauna in ba ku labari tun daga farko.

Motata RAV4 ce ƙirar 2015, irin wadda ba a zura mata lakile, yana cikin aljihunka ka kama hannun ƙofa ta buɗe, ka taka birki ka danna buton ta tashi. Ta hannu na saye ta, da lakile biyu, kuma tun da ta zo hannuna ban taɓa buɗe cikin lakilen ba, babu wanda ya ce mani akwai abun da ake canzawa a ciki.

A watan 1 abun ya fara, lokacin da sanyi ya kankama ana hazo. Da can ina daga cikin zaure nake danna telekomand mota ta amsa a waje, sai na ga sai na fito ƙofar gida, daga baya sai na zo dab da ita, wani lokaci in danna sau uku sau huɗu kafin fitila ta ƙifta. Abun da ya ruɗa ni shi ne da asuba yake wannan gardama, idan rana ta ɗaga sai ya koma lafiya lau kamar ba shi ba. Daga baya na gane dalili, pil idan ya yi rauni sanyi yana ƙara danne masa ƙarfi, da ya ji ɗumi sai ya ɗan farfaɗo. Tablo ma ya riƙa nuna wani rubutu da Ingilishi duk sanda na kashe mota tare da ɗan ƙara, ɗana babba da ke lakwal shi ya karanta ya ce Baba cewa take pil ɗin lakile ya kusa ƙarewa.

Kuskuren da na yi a nan yake. Ina hanyar aiki na ga wani mai tebur a bakin titi, irin masu sayar da tocila da caja da gilashin waya, na tsaya na nuna masa. Yaron bai yi wata-wata ba ya ɗauko wuƙa ya zura a gefen lakile ya banƙare, har robar ta ɗan tsage a kusurwa, ya ciro tsohon ya jefar a ƙasa, ya ɓallo wani daga cikin kati mai guda biyar ya sa. Na ce masa iri ɗaya ne kuwa? Ya ce Alhaji duk ɗaya ne, 3 volt ne dukansu. Na ba shi dala 40, na danna mota ta amsa, na tafi ina murna.

Sati uku ya yi. Kuma ko a cikin sati ukun nan ba lafiya ba, in na hau hanya mai gargada sai tablo ya nuna wai bai ga lakile ba alhali yana nan cikin aljihun rigata, can kuma rubutun ya ɓace.

Ranar wata Lahadi na kai uwargida da ƙanwarta Mirriya cin kasuwa, mun gama sayayya wajen la'asar an ɗauko kaya niƙi-niƙi har da buhun gero, na zo na kama hannun ƙofa shiru, na danna telekomand shiru, ɗan jan ƙwan da ke jikinsa ma bai ƙifta ba. Wallahi na ji ba daɗi, ga mata tsaye da kaya ga yara sun fara taruwa, ga gari da nisa kusan kilomita 20. Na kira wani abokina direba da ya daɗe yana tuƙin irin motocin nan, shi ya cece ni ta waya, kuma abun da ya koya mani ina ganin ya fi komai amfani a wannan rubutun, don mutane da yawa suna yawo da irin wannan lakile ba su sani ba.

Ya ce in duba jikin lakilen akwai wani ɗan maɓalli ƙarami, in danna in ja wajen da ake rataya zobe, makullin ƙarfe siriri zai fito. Haka aka yi kuwa. Sai dai ramin makullin ƙofar direba da ba a taɓa amfani da shi ba ƙura ta cika shi dam, na zura ya ƙi juyawa, sai da wani mai gyaran babur da ke kusa, Allah ya saka masa, ya ɗiga ɗan mai muka yi ta lallaɓawa a hankali kafin ya saki. Na shiga, na ce to yanzu ta yaya za ta tashi? Ya ce ka taka birki ka manna bayan lakilen, wajen tambarin Toyota, a jikin buton ɗin tayarwa, za ka ji ta yi ƙara, sai ka danna. Na manna, ta yi ƙit, na danna, inji ya kama. Uwargida ta ce Alhamdulillahi da ƙarfi har masu kallo suka yi dariya.

Yadda abun yake shi ne a cikin lakilen akwai wani ɗan guntu da ba ya buƙatar pil sam, in ya matso dab da buton ɗin motar ce da kanta ke ba shi 'yar wutar da zai amsa da ita. Pil aikinsa magana daga nesa. Kuma ku kwantar da hankali, in pil ya mutu kuna cikin tafiya mota ba ta mutuwa a kan hanya, sai dai in ka kashe ta ne za ka sha wannan hidimar kafin ta sake tashi.

Washegari na kai wani garaji, ba zan faɗi ko wanne ba. Mai wajen ya karɓi lakile ya danna ya juya shi a hannu, ko buɗewa bai yi ba, na ce masa sabon pil ne a ciki bai kai wata ba, sai ya ce ai shi ke nan tunda pil sabo ne to lakilen ne ya mutu, sai an yo odar wani daga Kano a haɗa shi da kwamfutar mota, jika 70 da kuɗin aiki. Ban ce ƙarya yake da gangan ba, Allah ya san zuciyarsa, wataƙila maganata ce ta sa shi yanke hukunci, amma mai sana'a ai ya kamata ya buɗe ya gani kafin ya faɗi kuɗi irin wannan. Na ce masa zan yi shawara. Na koma gida na ɗauko lakile na biyu da ke cikin durowa na ga shi ma ya yi sanyi sai an matso kusa yake amsawa.

Wani maƙwabcina ne ya ce kafin ka kashe kuɗi ka je Kasuwar Dole wajen masu gyaran agogo, su ne suka san ƙananan pil ɗin nan tun kafin motoci su fara amfani da su. Na je ranar Laraba da safe don na san Alhamis ranar kasuwa ce ba wajen aje mota. Na samu wani dattijo a 'yar rumfarsa, gabansa akwatin gilashi cike da agogo, ga ɗan madubin nan da suke maƙalawa a ido. Na gaishe shi na ce Baba ga matsalata. Ya ce zauna ɗana, ya share mani benci.

Tun daga yadda ya buɗe na san hannu ya bambanta. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan gilashin, ya zare makullin ƙarfen, ya nuna mani wani ɗan tsagi da ke nan wajen da makullin ya fito, ya ce ka ga nan masu ƙera shi suka tanada don buɗewa, ba gefe ba. Ya naɗe bakin ƙaramin turnabis da salatif don kada ya ƙwarzane roba, ya zura ya ɗan murɗa kaɗan, abun ya rabu biyu ba ko ƙara. Ya ga tsagewar da wuƙa ta yi ya girgiza kai bai ce komai ba. Ya ciro pil ɗin da tsinken sakace, ba da ƙarfe ba, ya kai kusa da ido sai ya ce to ga ɓarawonka.

Ashe CR2025 yaron ya sa mani, lakilen kuwa CR2032 yake ci. Baba ya ajiye guda biyun gefe da gefe a kan ƙyallen ya ce in sunkuyo in duba ta gefe. Ta sama kam ba ka rabewa, faɗinsu ɗaya kamar tsabar dala guda, amma ta gefe sai ka ga ɗaya ya fi ɗaya kauri. Lambar nan da ke jiki ashe awo ce, 20 na farko faɗi ne milimita 20, biyun ƙarshe kauri, 32 milimita 3.2 kenan, 25 kuma milimita 2.5, akwai ma 2016 da ya fi su duka sirantaka milimita 1.6. Duka 3 volt ne, a nan yaron bai yi ƙarya ba, amma siririn ba ya cika gidansa, yana rawa a ciki, shi ya sa in mota ta faɗa rami sai ya rabu da ƙarfen da ke taɓa shi wuta ta yanke. Sannan abun da ke cikinsa bai kai ba, 2032 na kirki yana ɗauke da wajen 220 mAh (awon yawan wutar da pil ke riƙewa), 2025 kuwa wajen 160, balle wanda ba a san inda aka yi shi ba kuma ya kwana ya wuni a kan tebur cikin rana.

Ya ɗauko 'yar mitarsa ta awon wuta ya ɗora a kan na mai teburin, ta nuna 2.9. Na ce Baba to ai da sauransa. Ya ce a'a ɗana, wannan kamar jakin da ke tsaye ne, sai an ɗora masa kaya ake sanin lafiyarsa. Ya ɗauko ɗan ƙwan tocila mai ƙafa biyu ya matse pil ɗin a tsakanin ƙafafun, ƙwan ya kawo haske dishi-dishi yana dusashewa muna kallo. Ya yanke sabon kwali da almakashi ya gwada sabon, mita ta nuna 3.3, ƙwan kuwa ya haska har sai da na kau da ido. Wannan gwajin na minti ɗaya shi ne mai garaji bai yi ba.

Bai tsaya nan ba, ya ɗauki burushin haƙori tsoho ya share ƙurar da ta taru a kewayen maɓallan, kun san ƙurar hunturu ba inda ba ta shiga, ya goge ƙarafunan da auduga da ɗan alkol, ya ɗago wani ɗan harshen ƙarfe da ya kwanta, sannan ya sa pil ɗin yana riƙe da shi ta gefe-gefe, fuskar da ke da alamar + da rubutu tana kallon sama. Ya ce kada ka riƙe shi ta fuska biyu da yatsu masu gumi, kuma kada ka kama shi da hantsakin ƙarfe don haɗa fuskokinsa biyu kake yi wutar ta zube. Ya mayar da murfi ya matse ta ko'ina har ya yi ƙas. Na danna, jan ƙwan ya ƙifta tas. Motar tana can nesa a bakin hanya na miƙa hannu na danna, na hango fitilunta sun amsa. Babu wata kwamfuta, babu wani haɗawa, lambar sirrin lakilen ba ta gogewa don an cire pil.

Pil ɗin Panasonic ne, guda ɗaya a kwalinsa, jika 1. Na nemi ragi ya ce ba ragi, in ina son na dala 40 yana da shi amma na agogon yara ne da abun wasa ba zai sa mani a lakilen mota ba. Kuɗin aiki ya ce in ba da abun da na ga dama. Na sayi biyu aka canza har da na durowa, na ƙara masa dala 100, duka-duka jika 2 da rabi na kashe.

Ya nuna mani yadda yake rabe na kirki da jabu, don ya ce sunan kamfani a jiki ba hujja ba ne, masu jabu ma suna bugawa. Ka duba kwali ko rubutun ya fita tsaf, ka duba shekarar ƙarewar aiki, na kirki sukan ba shi shekaru masu yawa har kusan 10 in an adana shi a inuwa, ka duba rubutun da aka zana a jikin ƙarfen ko ya zauna daidai, in ka ga ɗan farin gari ko tsatsa a bakin zoben ka bar shi. Shi kansa kwalin na kirki da wuyar buɗewa yake, sai da almakashi, saboda yara aka yi haka.

Maganar yara kuwa, wannan ita ce ta fi tsaya mani a rai. Da zan tafi na ce ya bar tsohon pil ɗin nan a zubar, sai ya naɗe shi da salatif gaba da baya ya jefa a wani gwangwani mai murfi. Ya ce kana da ƙananan yara a gida? Na ce akwai 'yar auta shekara 2. Ya ce to ko sabo ko tsoho kada ka bar shi inda hannunta zai kai. Na bincika daga baya na samu gaskiyarsa, abun yana ƙyalli kamar alawa, in yaro ya haɗiye ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona naman wajen cikin awa 2 kacal, kuma wanda ya gaza tayar da lakile ma yana da sauran wutar da zai yi ɓarna. In Allah ya kiyaye hakan ta faru ba a jira a ga alama, ba a sa yaro amai, likita ake nufa kai tsaye a gaya masu pil ne. Sai na tuna wanda yaron nan ya jefar a ƙasa a bakin titi inda almajirai da 'yan lakwal ke wucewa, har yau abun yana damuna don a gabana aka yi ban ce komai ba.

To bayan wata 8 me na gani? Lakile yana amsawa daga cikin zaure kamar da, rubutun tablo bai sake fitowa ba ko sau ɗaya, na je Magarya na je Matamaye na bi hanyoyin ƙauye masu gargada bai taɓa cewa bai ga lakile ba. Zafin bazara da ake haura 40 bai taɓa shi ba, duk da dai ni ma na kiyaye, na daina barinsa cikin mota a rana. Littafin motar ya ce irin wannan pil shekara 1 zuwa 2 yake yi, saboda wannan lakilen ko ba ka danna shi ba kullum kunnensa a buɗe yake yana sauraron mota, shi ya sa na durowa ma ya zube ba tare da an taɓa shi ba. Littafin ya kuma ce kada a aje shi kusa da talabijin ko kwamfuta ko waya da caja, ni kuwa da can a kan teburin tele nake jefa shi kowane dare gefen waya tana caji. Yanzu na kafa masa ƙusa can sama a bayan ƙofar ɗaki.

Inda nake da ƙorafi kaɗan ne. Baba ba ya da kowace lamba a kowane lokaci, na aika wani abokin aikina mai Camry wadda lakilenta ke cin CR1632 ya tarar ya ƙare sai da ya jira kusan sati biyu, don haka ku duba lambar naku tukuna, tana jikin tsohon pil kuma tana cikin littafin mota, kada ku ce tunda Toyota ce duk ɗaya. Sannan in an kira salla ya rufe, kuma bayan la'asar da wuya ka same shi, da safe ake zuwa. Tsagewar da wuƙa ta yi ma ba ta gyaru ba, ya dai ɗiga mata ɗan gam, in damina ta zo sai ina kaffa-kaffa da shi kada ruwa ya shiga.

Wanda kuma lakilensa ya mutu da gaske, don yana faruwa, ya faɗa ruwa ko mota ta taka shi, to ya lura kafin ya yi oda, motocin da aka yi don kasuwar Amurka galibi a kan zangon rediyo 315 MHz suke magana da lakilensu, na Turai 433, in aka kawo maka wanda bai dace ba kuɗinka ya tafi ko da kamanninsu ɗaya.

Ni dai yanzu kowane wata nakan zare makullin ƙarfen in buɗe ƙofar direba da shi sau ɗaya don kada ramin ya sake cushewa, kuma na koya wa uwargida da ɗana yadda ake manna lakile a jikin buton, kowa ya gwada da hannunsa. Watan 1 mai zuwa in Allah ya kai mu, da sanyi ya shigo zan koma Kasuwar Dole Baba ya ɗora masa mita da ɗan ƙwan nan mu ga inda ya kwana.